Ruwa a kan jariri: abin da yake ɓatawa da abin da ke dawowa bayan aiki

Ranar awo a asibitin Jiratawa, ko a cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi, wani lokaci za ku ga uwa ta lulluɓe kan goyonta da zane ko da ana tsakiyar bazara. Idon mutane take gudu. Kan yaron ya fi ƙarfin wuyansa, maɗigarsa ta cika ta yi tauri, jijiyoyin kan sun tashi ruɗu-ruɗu. A gari kowa da abin da yake faɗi: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce ɗan ruwa ne, wata ta ce ai uwar ce ta je gulbi da almuru tana da ciki. A takardar likita kuwa kalma guda za ku gani, hydrocéphalie, wato taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa.

Da zarar an ambaci aiki, tambayar iyaye ɗaya ce: idan aka janye ruwan, yaron zai koma kamar sauran yara? Amsar tana da tsawo, kuma mafi yawanta daga jikin karnuka da kyanwoyi da ɓeraye da tumaki aka samo ta.

Wane ruwa ne wannan?

Kowa yana da shi, har ku da kuke karanta wannan. Ruwa ne garai-garai da ake yi a cikin wasu koguna huɗu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Yana bi daga wannan kogo zuwa wancan, ya fito ya zagaye ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, sannan jini ya tsotse shi. Aikinsa ya tallafi ƙwaƙwalwa kada ta bugu da ƙashi, ya kuma kwashe datti. Babban mutum yana yin kusan rabin lita a yini, amma abin da ke cikin kansa da bayansa a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba. Ke nan ana sabunta shi sau uku zuwa huɗu kowace rana.

Manomin Jiratawa ya san abin da ke faruwa idan inji yana ta turo ruwa cikin magudana alhali yashi ya toshe ta a gaba: ruwan zai taru a baya, ya cika, ya fara cin gefen magudanar. Haka yake a kai. Wurin da ke yin ruwan ba ya tsayawa don an toshe gaba. Kogunan sai su yi ta faɗi, suna danne naman ƙwaƙwalwa zuwa jikin ƙashi. A jariri ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba, shi ya sa kan ke buɗewa ya girma. Babba kansa ba ya girma, sai ciwon kai mai tsanani da amai da dushewar gani.

Me ke toshe hanyar?

Wasu yaran da shi ake haifarsu, sau da yawa saboda wata siririyar hanya tsakanin kogo na uku da na huɗu ta zo a tsuke. Wasu tare yake zuwa da buɗaɗɗen gadon baya, irin ƙullutun da ake gani a bayan jariri ranar haihuwa. Bakwaini kuma jini kan zuba masa a cikin kogunan ya daskare.

A ƙasashenmu akwai dalilin da ya fi waɗannan yawa: ƙwayar cuta. Jariri ya yi zazzaɓi mai zafi da jijjiga a watan farko, ya samu sauƙi, bayan makonni kai ya fara girma. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Benjamin Warf, ya bi diddigin yara 300 a asibitin yara na Mbale a Yuganda, ya wallafa a 2005 cewa kusan 60 cikin 100 ta haka suka samu ciwon. Mu kuwa muna tsakiyar yankin sanƙarau. A annobar 2015 kaɗai an ƙirga mutum sama da 8,000 da suka kamu a Nijar. Sanƙarau yana barin tabo a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, tabon kuma yana hana ruwa wucewa.

Ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma ba laifin nonon uwa ba ne.

Me ya kawo dabbobi cikin maganar?

Hoto yana nuna girman kogunan, amma ba ya nuna abin da ya samu ƙananan zaruruwan da ke cikin nama. Wannan sai an yanki naman siriri an sa a madubin likita, abin da ba za a yi wa yaro mai rai ba. Don haka masu bincike suka koma haddasa ciwon a jikin dabba, su jira kwanakin da suka zaɓa, su yi wa wasu aiki da wuri, wasu a makare, wasu su bar su, sannan su gwada. Abin ba daɗin ji, gaskiya, ko da yake a yau sai an sa dabbar barci kuma sai kwamiti ya amince. Amma da ba a yi ba, da har yanzu cikin duhu ake yanke shawarar ranar aiki.

A 1913 Walter Dandy da Kenneth Blackfan, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, suka cusa ɗan ƙullin auduga a waccan siririyar hanya a kan kare. Kogunan da ke bayan audugar suka kumbura. Daga nan aka tabbatar cewa toshewa ce tushen abin. Tun daga 1932 kuma aka fi amfani da wata farar ƙasa mai laushi, kawolin: a dama ta, a yi allurarta a ƙeyar dabba, ta jawo kumburi da tabo, hanya ta toshe. Akwai kuma wani jinsin ɓera da ake kira H-Tx, wanda da yawa cikin ƴaƴansa da ciwon ake haifarsu.

Me ruwan yake ɓatawa?

Idan kun taɓa fasa kan rago da babbar salla kuka raba ƙwaƙwalwar biyu, kun ga launi biyu. Bayan yana da ruwan toka, cikin kuma fari ne. Ɓangaren mai ruwan toka nan ne mazaunin ƙwayoyin da ke tunani da ba da umarni. Farin kuwa tarin zaruruwa ne masu tsananin siranta, kowane ya fito daga ƙwaya guda yana kai saƙo wani wuri: zuwa ƙafa, zuwa ido, zuwa ɗaya gefen ƙwaƙwalwar. Abin da ya sa shi fari shi ne wata rigar kitse da ke naɗe da kowane zare, mayalin, wadda ke sa saƙo ya yi sauri. Ƴan tsagogin da ke tsakiya su ne kogunan.

Farin ɓangaren shi ne maƙwabcin kogunan, don haka shi ke fara shan wahala. Abin da aka gani a kyanwa da zomo da ɓera kusan jeri ɗaya ne. Da farko siririyar fatar da ta shafe bangon kogo tana miƙewa har ta yage, ruwa ya tsattsafa cikin nama. Sai ƙananan hanyoyin jini su matse, abinci da iska su ragu. Zaruruwa suna miƙewa, wasu su kumbura, daga baya su tsinke. Gadar da ta haɗa gefen dama da na hagu tana sirancewa. A jaririn dabba, wanda bai gama ɗinka rigar kitsen ba, ɗinkin yana tsayawa. Inda nama ya mutu kuwa, wasu ƙwayoyi masu aikin gyara suna cike gurbin da tabo, tabo kuma ba ya kai saƙo.

Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne ƙwayoyin tunani kansu suna da juriya. Ana matse su, rassansu su ragu, amma ba sa mutuwa da yawa sai ciwo ya yi nisa ƙwarai. Wannan ne ya sa za ku ga yaro da ƙaton kai yana murmushi, yana gane uwarsa, daga baya har ya yi surutu, amma ƙafafu sun sandare. Zaruruwan da ke zuwa ƙafa su ne ke zagayawa ta gefen kogo, su ne suka fi miƙuwa.

Mene ne aikin da ake yi?

Bututun roba ne siriri mai laushi. Ana huda ƙashin kai kaɗan a sa bakinsa cikin kogo, a bi da shi ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne da wuya da ƙirji, har cikin ciki, inda jiki ke tsotse ruwan. A bayan kunne akwai ɗan makulli da ke buɗewa idan ruwa ya yi yawa, ya rufe idan ya ragu. A takarda za ku ga an rubuta DVP. Wani makaniki a Filadelfiya, John Holter, shi ya ƙera makullin roba na farko da ya karɓu, a 1956, saboda ɗansa jariri da ke fama da ciwon.

Akwai hanya ta biyu wadda ba a barin komai a jiki: a shiga da ƙaramar kyamara a huda ƙasan kogo na uku, ruwa ya samu sabuwar mafita. Ba kowane yaro ta dace da shi ba, likita ne zai duba.

Idan an janye ruwan, me ke dawowa?

A 1976 Rubin da Hochwald da abokan aikinsu a Amurka suka wallafa abin da suka gani a kyanwoyi. Naman ƙwaƙwalwar da ya zama siriri, bayan an sa bututu ya sake kauri. A ido kamar an warke. A madubi kuwa sai aka ga zaruruwan da suka tsinke ba su sake tsirowa ba, kuma wani kaso na kaurin tabo ne. Ku riƙe wannan, domin haka yake a yara: hoton bayan aiki yakan yi kyau fiye da abin da ke ciki.

Gwajin da ya fi shafarku shi ne na Marc Del Bigio a Winnipeg ta Kanada, a 1997. Ya ɗauki ɓeraye ƴan mako 3 ya yi musu allurar kawolin. Wasu ya sa musu bututu bayan mako 1, wasu sai bayan mako 4. Waɗanda aka yi wa da wuri, rigar kitsen da ta tsaya ta ci gaba da ɗinkuwa har ta kusa cim ma ta lafiyayyu. Waɗanda aka jinkirta, kogunan sun ragu, amma farin nama bai dawo daidai ba, don zaruruwan da za a yi wa rigar sun riga sun tafi.

Bai tsaya a madubi ba, ya gwada basirarsu. Ana cika babban baho da ruwa, a ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwan ta yadda ba a ganinsa. A saki ɓera, ya yi ta iyo yana laluben bango har ƙafarsa ta taɓa dandamalin ya hau. Lafiyayyen ɓera bayan ƴan gwaji yana miƙewa wurin kai tsaye. Mai ruwa a kai yana ta zagaye kamar bai taɓa shiga ba. A nan ma waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun fi na makare gane hanya. A Jami'ar Ibadan, Funmilayo Olopade da Farfesa Shokunbi sun yi irin wannan gwaji, suka wallafa a 2012 cewa gwargwadon faɗin kogunan, gwargwadon wahalar koyo.

Hazel Jones ta gwada da ɓerayen H-Tx. Waɗanda aka sa wa bututu a kwanakin farko na haihuwa sun fi waɗanda aka bari sai wajen kwana 10, ko da yake na wurin ma rassan ƙwayoyinsu ba su koma daidai da na lafiyayyu sak ba. James McAllister ya ga kusan haka a ƴaƴan kyanwa. A San Faransisko, cikin shekarun 1980, har ƴan tumaki aka yi wa aikin tun suna cikin uwa: sun fi rayuwa, kogunan sun ragu, amma madubi ya nuna ɓarnar farin nama tana nan.

Idan aka haɗa su duka, ɓarnar iri biyu ce. Akwai abin da aka danne ko aka tsayar: hanyoyin jini da suka matse, ruwan da ya jiƙa nama, rigar kitsen da ta makara, ƙwayoyin da suka takura. Waɗannan suna farfaɗowa idan an ɗauke nauyin. Akwai kuma abin da ya tsinke ko ya mutu, shi kuwa ba ya dawowa. Kowane mako na jira yana kwashe wani abu daga kashi na farko ya zuba a na biyu.

To, ai ɓera ba mutum ba ne

Haka ne, kuma kada wani ya ce muku mako 1 na ɓera shi ne mako 1 na yaro. Ɓera yana balaga cikin wata biyu, lissafinsa daban ne. Ban da haka, farar ƙasa toshewa kawai take yi, alhali ƙwayar cuta tana cin naman ƙwaƙwalwa da kanta tun kafin ruwa ya taru. Yaran da suka samu ciwon bayan zazzaɓi sukan zo da ɓarna biyu, bututu kuma ɗaya kawai yake magancewa.

Duk da haka abin da aka gani a yara bai saɓa ba. A 2017 aka wallafa wani gwaji da aka yi da jarirai 100 a Mbale, rabi bututu, rabi aikin kyamara. Bayan shekara guda ba a ga bambancin kirki a basirarsu ba, ko da yake bututu ya fi rage kogunan. Abin da ya tafi tare da basira shi ne yadda naman ƙwaƙwalwa ya ci gaba da girma. Saboda haka kada hankalinku ya tashi idan kai bai koma ƙarami ba bayan aiki. Yawanci ba ya komawa. Tsayawa yake yi, jiki ya biyo shi.

Idan mun riga mun makara fa?

Ku je duk da haka. Ko a dabbobin da aka jinkirta, aikin ya tsayar da ɓarna ya kuma ceci rai. Yaron da aka sauke wa nauyin yakan daina amai, ya kama nono, ya yi barci. Ƙwaƙwalwar yaro tana iya koyon bi ta wata hanya idan ana motsa ta, don haka gashin ƙashi na asibiti, da zaunar da shi, da yi masa magana da wasa, duk magani ne. Wasu za su yi makaranta kamar kowa, wasu za su yi tafiya a makare, wasu za su buƙaci taimako tsawon rai. Likitan da ya gaya muku haka tun farko ya fi wanda ya yi muku alkawarin komai.

Babu na sha ko na shafawa?

Babu. An gwada magungunan rage ruwa a bakwaini a wani babban gwaji da aka wallafa a 1998, sai aka ga ba su hana aiki ba, yaran da suka sha ma sun fi samun matsala. Wasu magunguna sun ɗan taimaka wa ɓeraye, amma ba wanda ya maye gurbin buɗe hanya.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su. Abin da za ku guje wa shi ne sakiya da tsaga da ɗaure kai da ƙyalle. Ruwan yana can ƙarƙashin ƙashi da nama, ƙarfen wanzami ba ya kai gare shi, sai dai ya shigar da ƙwayar cuta.

Yaya za ku gane da wuri?

Da igiyar awo. Matan Madarunfa da Ɗan Isa sun iya auna damtsen yaro don gane tamowa, awon kai bai fi wannan wuya ba, kuma a ganina ya kamata ya zama dole a kowace ranar awo kamar yadda ake ɗora yaro a sikeli. Ko igiyar tela ta isa. A zagaya ta saman gira, ta saman kunnuwa, ta inda ƙeya ta fi tudu. Jariri yakan zo da santimita 33 zuwa 36. A wata ukun farko yana ƙara kamar 2 kowane wata, daga nan 1, bayan wata shida rabi. Ɗan shekara guda yakan kai 45 zuwa 47. Ku rubuta a katin awo. Saurin ƙaruwar ya fi lamba guda muhimmanci.

Ku taɓa maɗiga lokacin da yaro yake zaune a cinya ba ya kuka. Ya kamata ta yi laushi, ta ɗan faɗa. Idan ta yi tudu ta yi tauri, ko ƙwayar ido ta riƙa nutsewa ƙasa fari ya fito a sama, ko amai ya yawaita, ko kuka ya zama siriri mai tsini, kada ku jira ranar kasuwa. Muddin maɗiga ba ta rufe ba, eko irin na masu ciki yana iya leƙa kogunan ta nan, ba allura, ba zafi.

Duk jaririn da ya yi zazzaɓi ko jijjiga kafin arba'in, a kai shi ranar, sannan a riƙa auna kansa watannin da ke biye. Cibiya a bar ta da tsabta, ban da toka da ƙasa. Allurar rigakafi ta watannin farko tana kare yaro daga wasu nau'o'in sanƙarau. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki tana ɗauke da sinadarin folik da ke rage buɗewar gadon baya, amma bayan yana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, don haka mai neman haihuwa ta fara sha tun kafin ta tabbatar.

Ina ake yi, nawa ne?

Ku fara da asibitin garinku ku karɓi takardar turawa zuwa Maraɗi. Can za a yi hoto a yanke ko a nan za a yi aikin ko gaba. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na Yamai, tafiyar kilomita kusan 660, da na Damagaram, kusan 235. A ƙetaren iyaka akwai asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano.

Tun 2006 dokar Nijar ta ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Amma ku tambaya tun farko ko bututun da hoton sikana suna ciki, ku kuma yi lissafin mota da abincin mai jinya, waɗanda su ne ke karya mutane. Kada a ruɗe ku da cewa mai tsada ne kawai mai kyau. Warf ya gwada bututun Chhabra na Indiya, dalar Amurka 35 a lokacin, kusan jika 20, da wani na dala 650, bai ga bambanci ba bayan shekara guda.

Bayan an sallame ku

Bututu yana iya toshewa ko ƙwayar cuta ta kama shi, kuma wannan ba abin mamaki ba ne: kusan 1 cikin 3 yana buƙatar gyara a shekarar farko. Ciwon ƙwayar cuta ya fi zuwa a watannin farko. Ku sa ido ga zazzaɓi, ja ko kumburi a kan hanyar bututun, ruwa na fita daga ɗinki, kumburin ciki, amai, barcin da ya wuce kima, ko maɗiga ta sake cika. Kada ku riƙa danna makullin da ke bayan kunne sai likita ya ce. Ku juya kwanciyar yaro akai-akai don kada fatar wurin ta ci. Takardar aikin ku adana ta tare da katin awo, ku nuna ta duk asibitin da kuka je, ko da zazzaɓin damina kuke zaton ya kawo ku.